Dodanni a Ƙarƙashin Ƙanƙara: Tarihin Jiragen Nukiliyar Rasha Masu Nutso

Idan ana maganar makaman ƙare dangi, abin da yakan zo mana a rai shi ne rokoki a cikin ramuka ko jiragen sama masu jefa bam. Amma makamin da manyan ƙasashe suka fi dogara da shi ba ya bisa doron ƙasa. Yana can cikin duhun teku, a cikin jirgin ruwa mai nutso wanda kan shafe wata biyu ko uku bai leƙo sarari ba. Dalilin hakan a fili yake. Ramin makami yana wuri ɗaya, tauraron ɗan'adam ya san inda yake. Filin jirgin sama ma haka. Shi kuwa jirgin da ya nutse, in dai ba a gano shi ba, ko da an shafe ƙasarsa daga doron duniya zai iya rama mata. Wannan tabbacin ramuwa shi ne ya hana Amurka da Tarayyar Sobiyet taɓa juna a tsawon Yaƙin Cacar Baka. Kar ce ta san kar.

Za mu bi sawun yadda Rasha ta mallaki irin waɗannan jirage, tun daga 1955 zuwa yau, da abin da mallakar ta ci na dukiya da rayuka.

Mafari

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta kewaye Tarayyar Sobiyet da sansanonin jiragen sama a Turai da Asiya. Jiragenta na iya kaiwa Mosko, su kuwa na Sobiyet da ƙyar za su kai Amurka su dawo. Sai shugabannin Mosko suka ga hanya ɗaya ta rage: a ɗora makami a jirgin ruwa, a lallaɓa da shi har bakin gaɓar abokin gaba.

Ranar 16 ga Satumba, 1955, a Farin Teku da ke arewacin Rasha, jirgi mai suna B-67 ya harba makami mai linzami samfurin R-11FM. Shi ne karo na farko a tarihi da aka harba irin wannan makami daga jirgi mai nutso. Wanda ya jagoranci ƙera makamin shi ne Sergei Korolev, mutumin da bayan shekara biyu ya harba Sputnik zuwa sararin samaniya. Sai dai nasarar tana da iyaka. Jirgin da man dizal yake tafiya, dole ya riƙa tasowa yana shan iska. Makamin bai wuce zangon kilomita 150 ba, kuma sai jirgin ya fito saman ruwa kafin ya harba shi. Jirgin da zai taso a gaban gaɓar Amurka ya tsaya yana shirin harbi, ai ya riga ya sallama ransa.

Amurka ba ta tsaya kallo ba. Tun 1954 ta ƙaddamar da Nautilus, jirgi na farko mai tafiya da makamashin nukiliya. Tukunyar nukiliya ba ta buƙatar iska, don haka jirgin zai iya zama a ƙasa har sai abinci ya ƙare. A watan Yulin 1960 kuma jirgin George Washington ya harba makamin Polaris daga ƙarƙashin ruwa, kuma yana ɗauke da irinsa har 16. Wannan ya tayar da hankalin Nikita Khrushchev da manyan hafsoshinsa, aka ba masu ƙira umarnin su cim ma Amurka ko ta halin ƙaƙa.

Sauri ya haifi nawa

Amsar Sobiyet ita ce K-19, jirginta na farko mai tukunyar nukiliya kuma ɗauke da makamai masu linzami. An fara gina shi a 1958 a masana'antar jiragen ruwa ta Severodvinsk, ya shiga aiki a ƙarshen 1960. Makamai uku kacal yake ɗauka, zangonsu wajen kilomita 600, kuma har yanzu sai ya taso kafin ya harba. An gina shi cikin gaggawa, ma'aikata sun mutu a haɗurra tun yana masana'anta. Ranar bikin saukar da shi ruwa, kwalbar da aka saba fasawa a jikin sabon jirgi ta ƙi fashewa, abin da sojojin ruwa ke ɗauka mugun alama.

Ranar 4 ga Yuli, 1961, yana atisaye a arewacin Tekun Atlantika, bututun da ke kai ruwan sanyaya ɗaya daga cikin tukwanensa ya fashe. Babu wani tsarin sanyaya na ko-ta-kwana a jirgin. Rediyon dogon zango ma ya lalace, ba halin neman shawara daga Mosko. Kyaftin Nikolai Zateyev ya ga in aka bar tukunyar tana ƙara zafi za ta narke. Wasu matasan injiniyoyi da sojoji suka shiga ɗakin tukunyar, suka yi walda, suka jona mata bututun ruwan sha na jirgin. Sun ceci jirgin, amma tururin nukiliya ya riga ya cinye jikinsu. Takwas suka mutu cikin 'yan makonni, wasu suka biyo baya a shekarun da suka biyo. Aka umarci waɗanda suka tsira su ja bakinsu su yi shiru, aka rufe maganar kusan shekara 30. Sojojin ruwa suka sa wa jirgin laƙabin Hiroshima.

Abin mamaki, ba a jingine shi ba. An canza masa tukwane ya koma aiki. A Fabrairun 1972 gobara ta tashi a cikinsa ta kashe mutum 28, wasu 12 kuma suka maƙale a ɗakin ƙarshe na jirgin, cikin duhu da sanyi, sama da mako uku kafin a fito da su. Mataimakin kwamandan K-19 a haɗarin 1961 shi ne Vasily Arkhipov, wanda bayan shekara ɗaya, lokacin rikicin makaman Kyuba, ya ƙi amincewa a harba makamin nukiliya daga wani jirgin daban, B-59. Mutumin da ya ga yadda tururin nukiliya ke kashe abokan aikinsa ya san abin da ake shirin saki.

A Maris na 1968 kuma, K-129, mai tafiya da dizal amma ɗauke da makaman nukiliya uku, ya ɓace a Tekun Pasifik da mutum 98. Sobiyet ta nema ta rasa. Amurka ce ta gano inda ya kwanta, a zurfin da ya kusa kilomita biyar. A 1974 hukumar CIA ta fake da sunan attajiri Howard Hughes da aikin haƙo ma'adinai, ta tura wani katafaren jirgi ya ɗago wani sashe nasa. An samu gawar mutum shida, Amurkawa suka yi musu jana'izar soja a teku, suka ɗauki hoton bidiyo. Sai a 1992 aka miƙa wa Boris Yeltsin wannan bidiyon.

Farauta a Atlantika

Jirgin da ya sa Sobiyet ta kamo ƙafar Amurka da gaske shi ne samfurin 667A, wanda ƙungiyar NATO ta sa wa suna Yankee. Mai zanensa Sergei Kovalev ne, na ofishin ƙira da ke Leningrad wanda aka sani da Rubin, makamansa kuma daga ofishin Viktor Makeyev da ke Miass a tsaunukan Ural suka fito. Waɗannan mutane biyu su ne ginshiƙin kusan duk abin da ya biyo baya. Na farko, K-137, ya shiga aiki a 1967. Yana ɗaukar makamai 16 masu zangon kilomita 2,400, yana harba su daga ƙarƙashin ruwa. Cikin shekara bakwai aka gina 34, a Severodvinsk da Komsomolsk na gabas mai nisa.

Amma a nan taswirar duniya ta ci amanar Rasha. Jirgin da ya tashi daga yankin Kola, in yana son ya kusanci Amurka yadda makaminsa zai kai, dole ya bi ta mashigin da ke tsakanin Greenland da Iceland da Birtaniya. Amurkawa sun shimfiɗa na'urorin sauraro a ƙasan teku, tsarin da suke kira SOSUS. A cikin ruwa ido ba ya aiki, kunne ne sarki, su kuwa jiragen Yankee hayaniya gare su: famfuna da injina da farfela duk suna ƙara. Sau da yawa jirgin farautar Amurka kan bi bayan na Sobiyet makonni ba tare da ya sani ba. Jirgin da ake biye da shi kuwa, ranar da yaƙi ya ɓarke shi za a fara nutsarwa kafin ya buɗe murfin makami ko ɗaya.

Mosko ta fahimci girman wannan rauni, kuma cikin hanyoyin da ta fahimta har da wani jami'in sadarwa na sojan ruwan Amurka, John Walker, wanda ya riƙa sayar mata da sirrin saƙonni daga 1967 har aka kama shi a 1985. Daga nan aka duƙufa wajen rage ƙarar jirage. A 1987 asiri ya tonu cewa wani reshe na kamfanin Toshiba na Japan da kamfanin Kongsberg na Norway sun sayar wa Sobiyet injinan sassaƙa farfela masu aiki da kwamfuta, abin da ya fusata majalisar dokokin Amurka.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin makaman kansu. Amurka ta zaɓi daskararren mai, wanda ke zaune lafiya. Makeyev ya ƙware a man ruwa, mai ƙarfi ƙwarai amma mai guba, wanda in ya haɗu da ruwan teku yakan zama masifa. Ranar 3 ga Oktoba, 1986, ruwa ya yoyo cikin rumbun makami na shida a jirgin K-219, yana sintiri a arewa maso gabashin Bermuda. Makamin ya fashe, gobara da hayaƙi mai guba suka bazu. Na'urar kashe ɗaya daga cikin tukwanen ta ƙi aiki, dole a shiga a sauke sandunan da hannu. Laftanar Nikolai Belikov da wani soja ɗan shekara 20, Sergei Preminin, suka shiga cikin zafin da ya kai digiri 70. Belikov ya suma aka ja shi waje. Preminin ya ƙarasa aikin shi kaɗai, amma da ya zo fita ƙofar ta cije saboda matsin iska, ya mutu a ciki. Bayan kwana uku jirgin ya nutse da makamansa a zurfin da ya haura kilomita biyar, kuma yana can har yau. Wannan karon, wata biyar bayan Chernobyl, Mikhail Gorbachev ya sanar da Ronald Reagan da duniya nan take. Mako ɗaya bayan haka su biyun suka zauna a Reykjavik suna tattauna yiwuwar kawar da makaman nukiliya baki ɗaya. A 1997 aka ba Preminin lambar Gwarzon Rasha.

Komawa cikin ganuwa

Maganin farautar Atlantika ya fito ne daga makami. A farkon shekarun 1970 Makeyev ya ƙera R-29 mai zangon kilomita 7,800, wanda ke duba taurari yana gyara hanyarsa. Da shi, jirgi na iya tsayawa a Tekun Barents, kusa da gida, ya harbi biranen Amurka. Makamin dogo ne, don haka aka yi wa jirgin ƙusumbi a baya. NATO ta kira wannan zuriya Delta. An gina 18 na farko masu makamai 12, sai huɗu masu 16, sai 14 waɗanda kowane makaminsu ke ɗauke da kawunan bam da yawa masu rabuwa kowa ya nufi inda aka saita shi, sai bakwai na ƙarshe daga 1984 zuwa 1990.

Daga nan dabarar yaƙi ta sauya. Aka mai da Tekun Barents a arewa da Tekun Okhotsk a gabas tamkar birane masu ganuwa. Jiragen makamai na ciki, jiragen yaƙi da na sama da nakiyoyi na gadinsu. Wasu kuma sukan shige ƙarƙashin ƙanƙarar Aktik, inda jirgin sama ba ya gani, ƙarar gugar ƙanƙara kuma ke rikita masu sauraro. Yarjejeniyar SALT ta 1972 ta amince wa Sobiyet da jirage 62 na zamani da makamai 950, Amurka kuwa jirage 44 da makamai 710. Yawan ya rinjaya wajen Mosko, amma jiragen Amurka sun fi daɗewa a teku, sun fi shiru, makamansu sun fi yawan kawuna.

Mafi girma a tarihi

Da Amurka ta fara gina jiragen Ohio masu makaman Trident 24, Leonid Brezhnev ya ce sai an yi wanda ya kai su. A wannan karo aka gwada daskararren mai, aka samu R-39. Makamin ya yi aiki, sai dai nauyinsa ya kai tan 90, kusan ninki uku na Trident na farko. Ba jirgin da zai iya ɗaukar 20 irinsa, kuma tashoshin Rasha ba su da zurfin da za su karɓi jirgi mai tsayin ciki. Sai Kovalev ya faɗaɗa shi: ya jera manyan gangar jiki biyu gefe da gefe, ya sa makaman a tsakaninsu, ya lulluɓe duka da bawo ɗaya.

Sakamakon shi ne samfurin 941. Rashawa suna kiransa Akula, wato kifin shak, NATO kuma Typhoon. Tsawonsa mita 175, ya fi filin ƙwallo ɗaya da rabi, faɗinsa mita 23, nauyinsa in ya nutse tan 48,000, fiye da ninki biyu na Ohio. Ba a taɓa gina jirgi mai nutso kamarsa ba. Kowane makami na da kawuna goma, jirgi ɗaya ke nan da bam 200. An ƙarfafa samansa don ya fasa ƙanƙara ya fito ya yi harbi. Mutum 160 da ke ciki suna da wurin motsa jiki, ɗakin gumi da ƙaramin wurin ninƙaya. Na farko, TK-208, ya shiga aiki a Disamban 1981, aka gina shida. Tun a lokacin sojojin ruwa suna yi masa ba'a da sunan mai dakon ruwa, domin kusan rabin nauyinsa ruwan da yake sha ne don ya nutse. Kuɗin riƙe shi ya fi ƙarfin tattalin arzikin da ya fara tangal-tangal.

Ranar 6 ga Agusta, 1991, jirgin K-407 ƙarƙashin Kyaftin Sergei Yegorov ya harba makaman gwaji 16, duk abin da ke cikinsa, ɗaya bayan ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu, yana ƙarƙashin ruwa. Ba wanda ya taɓa yin haka, kuma ba a sake ba. Rundunar ta nuna tana iya aikin da aka gina ta dominsa. Bayan mako biyu aka yi yunƙurin kifar da Gorbachev, kafin ƙarshen shekara Tarayyar Sobiyet ta ruguje.

Shekarun tsatsa

Rasha ta gaji kusan duk jiragen nukiliya da Sobiyet ta gina, waɗanda jimillarsu ta kusa 250 in an haɗa da na farauta, ba ta kuma da kuɗin riƙe su ko na wargaza su. Suka yi ta tsatsa a tashoshin Kola da gabas mai nisa da man nukiliya a cikinsu. Hafsoshi kan yi watanni ba albashi. A 1995 kamfanin lantarki ya yanke wa wani sansanin Kola wuta saboda bashi, sai da aka tura sojoji da bindigogi aka maido da ita don kada tukwane su yi zafi. A Andreeva, kilomita kusan 50 daga iyakar Norway, an jibge sandunan man nukiliya wajen 22,000 a rumbuna masu yoyo. Tsohon hafsa Aleksandr Nikitin, da ya taimaka wa ƙungiyar kare muhalli ta Bellona wajen bayyana halin da ake ciki, an kama shi a 1996 da zargin cin amanar ƙasa, kotu ta wanke shi a ƙarshen 1999.

Tsoffin abokan gaba ne suka kawo agaji. Shirin da sanatocin Amurka Sam Nunn da Richard Lugar suka kafa a 1991 ya biya kuɗin yanka jirage da dama, har da uku daga cikin Typhoon shida. Norway da Japan da Jamus da wasu ma sun sa hannu. A 1998 K-407 ɗin nan da ya yi harbin tarihi ya harba ƙananan taurarin ɗan'adam na wata jami'ar Jamus zuwa falaki, da makamin da aka cire wa bam. Nutsewar Kursk a Agustan 2000 da mutum 118, duk da shi ba na makamai masu dogon zango ba ne, ta nuna wa duniya yadda rundunar ta lalace. Alƙaluman sojan ruwan Amurka da masana suka wallafa sun nuna cewa rundunar da ta yi sintiri sama da 100 a 1984, a 2002 ko ɗaya ba ta yi ba.

Farfaɗowa

An aza harsashin sabon samfuri, Borei, a 1996, amma na farkonsu, Yury Dolgoruky, sai a Janairun 2013 ya shiga aiki. Rashin kuɗi ya sa aka harhaɗa jikinsa da sassan wasu jirage da ba a kammala ba. Makamin da aka tsara masa ya gaza a gwaji aka soke shi a 1998, aka ba wata cibiya a Mosko ƙarƙashin Yury Solomonov aikin ƙera Bulava mai daskararren mai. Shi ma kusan rabin gwaje-gwajensa na farko sun ci tura, har Solomonov ya sauka daga shugabancin cibiyar a 2009. A Disamban shekarar, mutanen arewacin Norway suka wayi gari da wani haske mai murɗawa a sama, ashe Bulava ne ya ƙwace. Sai a 2018 aka karɓe shi a hukumance.

Borei ya kai rabin Typhoon a nauyi, yana ɗaukar makamai 16 da mutum 107, kuma ya fi duk magabatansa shiru. Zuwa 2025 takwas sun shiga aiki, an raba su tsakanin Gadzhiyevo a Kola da Vilyuchinsk a Kamchatka, tare da ragowar Delta na ƙarshe masu makaman Sineva. Typhoon na ƙarshe, Dmitry Donskoy, an sallame shi a 2023. Sunayen ma sun ba da labarin sauyin zamani. Yankee na farko sunansa Leninets, wato mabiyin Lenin. Na yanzu sunayen sarakuna da jarumawan da suke ɗauka: Aleksandr Nevsky, Vladimir Monomakh, Suvorov, Sarki Aleksandr na Uku.

Abin da ya rage

Idan muka tattara wannan tarihi na shekara 70, za mu ga ba a taɓa harba ko makami ɗaya daga waɗannan jirage a yaƙi ba. Masu goyon bayansu na cewa wannan shi ne nasararsu, tunda an gina su ne don kada a yi amfani da su. Amma duk wanda suka kashe ɗan gida ne, yawanci matasa masu aikin soja na dole, kuma bama-baman K-129 da K-219 na kwance a ƙasan teku. Sau da dama abin da ya raba haɗari da babban bala'i shi ne mutum ɗaya da ya yarda ya shiga ɗakin da ya san da wuya ya fito.

Abin da ya riƙa rage haɗarin a baya shi ne yarjejeniyoyi da binciken juna, inda jami'an kowane ɓangare kan je su ƙirga makaman ɗayan da idonsu. Ta ƙarshe cikinsu, New START ta 2010, ta ƙayyade wa kowanne kawunan bam 1,550 da ke cikin shiri. Rasha ta dakatar da aiki da ita a Fabrairun 2023, bayan shekara ɗaya da fara yaƙin Yukren, an kuma tsara wa'adinta ya cika ranar 5 ga Fabrairu, 2026. Aikin kwashe sharar Andreeva da aka fara a 2017 tare da ƙasashen Turai ya rasa abokan haɗin gwiwarsa. A Severodvinsk kuwa ana ci gaba da walda sababbin jiragen Borei, Amurka na gina Columbia, Birtaniya da Faransa da Sin da Indiya kowa na gina nasa. Jiragen da ake ƙerawa yau an tsara su yi aiki shekara 30 zuwa 40, wato yaran da za su tuƙa su a ƙarshen wa'adinsu ba a ma haife su ba tukuna.